Koren Zare a Tafkin Baba Tela

Baba Tela maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. A kan keken ɗinki ya yi ƙuruciyarsa har ya tsufa, kuma abin da aka san shi da shi a unguwa shi ne ƙari. In ya yanka wando sai ya bar yadi a ciki ya naɗe, wai ko mai shi zai yi ƙiba. In ya zuba maka shayi sai kofi ya tumbatsa. Matarsa, wadda muke kira Iya, takan ce hannunsa bai san "ya isa" ba.

Da idonsa ya daina ganin kafar allura, ya bar wa babban ɗansa shagon, ya koma bayan gida. Akwai wani rami can inda aka haƙi ƙasar ginin gidan, ruwa ba ya ƙafewa a cikinsa. Ya jera duwatsu a bakinsa, ya zuba 'ya'yan karfasa, ya kafa benci a gindin mangwaro. Ba don sayarwa ba. Shi dai ya zauna da fatsarsa, in ya kama ƙarami ya mayar, in babba ne a kai wa Iya. Ranar da babu ofis ni ma nakan ɗauki tawa in same shi.

Kifin sun san takunsa. Da ya iso bakin ruwa da safe sai ka ga kamar ruwan na tafasa. Ya watsa abinci, ya ƙara, ya juya zai tafi, ya dawo ya ƙara.

Da zafi ya shigo sai gansakuka ta bayyana. Ba irin wadda ke shafe ruwa kamar fenti ba, wannan mai zare-zare ce. Daga kan duwatsun ƙasa take farawa, in rana ta take sai ta taso dam-dam kamar tsohon bargo, da kumfa a jikinta. Duk jifan fatsa, ƙugiya ta fito da koren gemu.

"Akawu, dubi ikon Allah," in ji shi, yana warware ta da yatsa. "Na gudu daga zare, zare ya biyo ni har cikin ruwa."

Ya ɗaura wa manjagara doguwar gora, ya riƙa jawo ta yana lodawa a baro. Ya kwashe yau, kafin bayansa ya daina ciwo ta rufe wurin. Wari ya fara shiga ɗakuna, sauro ya samu gida. Da 'yar jikarsa ta kwanta da zazzaɓi, babban ɗan ya zo ya durƙusa gaban bencin, ina zaune.

"Baba, ba raini ba ne. In damina ta sauka ruwan nan bai gyaru ba, a yi haƙuri mu cike shi. Ko ɗaki ne ma yi a wurin."

Baba Tela bai ce a'a ba. Ya dai dubi ruwan ya ce, "Zai gyaru."

Akwai wani malamin gona da ke kawo takardu ofishinmu, na tare shi na tambaya. Ya ce abincin da kifi suka bari shi ke ruɓewa a ƙasa ya zame wa gansakuka taki, don haka a rage. In kuma za a sa magani, a sa a gefe ɗaya kawai a jira, domin in ta mutu gaba ɗaya, ruɓewarta za ta shanye iskar da ke cikin ruwa. Na dawo na jera wa Baba Tela bayanin ɗaya bayan ɗaya.

"In rage musu abinci? Suna kallona fa, Akawu."

Ya gwada. Washegari ya watsa hannu ɗaya ya juya, ya kai har ƙofar kicin, sai ya ji suna fantsala ruwa a bayansa. Ya koma.

Iya ta leƙo tana dariya. "Tun ina amarya nake fama da hannun nan, kai ne za ka gyara shi da baki?"

Saura magani ke nan. Na sayo shi a jarka, ruwa ne shuɗi. Ni na auna da kaina, na ja igiya ta raba tafkin, muka zuba a gefen mangwaro. Na ce kada a taɓa sauran sai na dawo mun duba tare. Na tafi aiki hankalina kwance.

Gefen da muka zuba ya dafe, gansakukar ta saki. Baba Tela ya gani ya yi murna. Ya ɗaga kai kuma ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya tuna maganar ɗansa. Ya kwance igiyar, ya zagaye tafkin da jarka har ta ƙare.

"Na ga saura ne," ya ce mini daga baya. "Na ce me zai zauna yi."

Kwanakin da suka biyo baya koren ya ɓace, ruwan ya yi duhu kamar shayin da ya kwana. Wata safiya ina ɗaura takalmi Iya ta buga mini ƙofa, ko gaisuwa babu. Na tarar da kifin duk sun taso sama, bakuna a buɗe, suna haɗiyar iska. Muka kama ɗiban ruwa da bokiti muna watsawa sama ya faɗo. Na jawo tiyo daga famfon gidana ta kan katanga, ruwan na zuwa siriri kamar hawaye. Babban ɗan ya rufe shago ya zo da gudu, ya naɗe wando ya shiga yana dukan ruwan da katako. Muka yi ta yi har hannuwanmu suka mutu. Kafin rana ta ɗaga, fararen cikkuna sun rufe inda gansakuka take a da.

Ɗan ya ɗauko kwando ya fara kwasa. Baba Tela na zaune a benci, kwanon abincin kifi a cinyarsa. Da shi ya fito, kamar kullum.

Motar ƙasar cike tafkin ta zo bayan ruwan farko. Lungun ya yi mata kaɗan, sai aka juye a bakin titi, leburori suna kaiwa da baro, har da wanda Baba Tela ya riƙa kwasar gansakuka da shi. Baba Tela ya dafa musu shayi, kowa kofinsa ya tumbatsa.

Ranar da ya rage ɗan kwarin da ke gefen mangwaro, na same shi durƙushe a bakinsa. Ruwan bai fi na wanke hannu ba, amma ga koren zare ya sake kama duwatsu. Ya naɗo shi a yatsa ya ɗaga kusa da idonsa.

"Ita kam ba ta mutu ba, Akawu."

Wani lebura ya iso da baro ya tsaya yana jira. Baba Tela ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ce wa ɗansa in an zo aza tubali, a bar masa bencin inda yake.