Mun Bi Maharbi Har Doguwa

Mun tashi da asuba, ko shayi ban tsaya sha ba, mu uku: ni da malamin lissafi da mai kemis. Waɗanda suka saba leƙa wannan shafi sun san mu, amma saboda baƙo bari in ɗan yi bayani. Mu huɗu ne muke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar a bayan shagon da nake aiki a Kano, shagon buga takardu da kwamfuta. Mukan shimfiɗa taswirar wata ƙasa da na ƙirƙira, kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikinta ya zama shi, ni kuma in riƙa faɗa musu abin da ya tare musu hanya. In abu ya zo da shakka, a jefa 'ya'yan lido su raba gardama. Abin da ya faru a wasan shi nake bugawa in ɗora a nan, ranar da layin tarho ya ga dama kuma ba a ɗauke wuta ba.

Na huɗunmu shi muke kira Maharbi, da sunan mutuminsa na wasa. Ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Doguwa. Tun farkon damina aka aiko masa mahaifinsa ba lafiya, ya tafi da cewa ba zai daɗe ba, shiru kake ji. Dokarmu kuwa ita ce wanda bai zo ba ba a taɓa mutuminsa, sai a kwantar da shi wani wuri ya yi ta barci har mai shi ya dawo. To, maharbinmu yana kwance a bakin kogi tun saukar ruwan fari, ga shi har an fara karyar masara. Wani ɗalibi da ke karatu a ƙasar waje har ya rubuto yana tambaya ko mutumin nan mutuwa ya yi muke ɓoyewa. Amma abin da ya ɗaga ni da gaske shi ne maigidana zai ƙara ma'aikaci a shago, na yi ta roƙonsa ya ajiye wa abokina gurbin, ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata, in bai zo ba ɗan ƙanwarsa na nan yana jira. Ƙauyensu ba tarho. Shi ya sa na naɗe taswira, na ce mu je mu ɗauko shi.

Fijo muka samu a tasha, irin wadda in ta tashi sai duk ƙofofinta sun yi magana. Direba ya ƙara kuɗin mota ya ce mai ne babu, kuma ba mu iya musa masa ba, don mun wuce layin motoci a gidan mai da wasu suka kwana a ciki. Mai kemis ya kama kujerar gaba da hujjar yana da ciwon gwiwa, ciwon da ba ya tashi sai a tasha. Muna wuce Kura gari ya gama wayewa. Gonakin shinkafa sun kwanta hagu da dama, raɓa na tashi a kansu kamar tururin tukunya, belbelu na tsaye a ciki ba su damu da kowa ba. Ta wajen Bebeji dawa ta yi kai, ta fi mutum tsawo, sai dai ka hango hular mai keke tana yawo a samanta. Ni dama ba na iya kallon fili ban yanka shi gida-gida kamar taswirar wasanmu ba. Akwai ɗan shirin da na rubuta a kwamfuta mai zana mini ƙasa da kansa, kowane gida ya sa masa launi, kore daji, shuɗi ruwa. Tun daga nan na fara tafiya a duniya biyu, ido a kan hanya, zuciya tana lissafin inda za a sa rijiya da inda 'yan fashi za su ɓuya.

A Kwanar Dangora, ƙasar Kiru, muka sauka don canjin mota. Wurin nan ba ya barci. Masu rake, masu gasasshiyar masara, masu ƙwai, kowa na cusa maka kayansa ta taga tun kafin mota ta tsaya. Muka zauna a bencin wata mai koko da ƙosai. Kokon gero ne mai kauri da yaji, ƙosan kuwa manya, abin da za ka ci ka ƙoshi a nan bai kai kuɗin burodi ɗaya a Kano ba. Malamin lissafi ya sayi rake mai tsawon sandar makiyayi, sai da muka shiga bas sannan ya gane ba inda zai sa shi. Haka ya rungume shi har Tudun Wada, duk wanda zai sauka sai ya nemi izinin rake.

Tudun Wada garin shinkafa ne, kunnenka zai gaya maka kafin idonka. Injinan casa na ta rugugi, an shanya shinkafa a kan tabarmi har bakin kwalta, awaki na zagayawa suna jiran mai gadi ya yi gyangyaɗi. Ba mu daɗe ba. Da muka bar garin ƙasa ta fara sauyawa, ta yi ja, duwatsu suka fara leƙowa daga nesa, bishiyoyi suka matso kusa da juna.

Sai ga dajin Falgore. Direba ya kashe kaset ba wanda ya ce masa, wata tsohuwa a bayanmu ta fara addu'a a hankali. Ni kuwa tsigar jikina ce ta tashi, kuma ba don tsoro ba. Dajin da ke taswirata daga bakin Maharbi na zana shi, shi ya riƙa ba ni labarin wannan wuri muna cin gyaɗa a bayan shago, ni ban taɓa zuwa ba. Yanzu ga shi ina ratsa shi. Hasken rana na zubowa ta tsakanin ganye, ya taɓa gilashi ya ɓace. Muka haye wata gada, ruwa na gudu a ƙasa a kan duwatsu, na ji kamar na taɓa tsayawa a nan a mafarki. Birai na zaune a gefen hanya suna kallonmu kamar mu ne abin kallo. Can gaba garken shanu ya tare hanya, fararen shanu masu dogayen ƙaho, suna tsallakawa a natse, makiyayin ya rataya sanda a wuya, suka gaisa da direba da Fillanci. Ban san lokacin da muka fita daga dajin ba, sai kaset na ji ya dawo.

Daga bakin hanya acaɓa muka hau zuwa ƙauyen, ta cikin gonakin masara da rake. Ana idar da azahar muka isa. Gidan ba ya ɓata, kowa ya san gidan Malam. Muka yi sallama a zaure, muka tarar da tsohon a kan buzu, ya jingina da bango, jiki ya yi sauƙi amma ƙafafu sun ƙi, murya kuma ta yi ƙasa. A gefensa ga abokinmu da littafi a buɗe, magidanta sun kewaye shi yana biya musu karatu, tsohon na gyara masa da kai kawai. Abokin namu ya rame, ya yi duhu, ya tara gemu. Da ya ɗago ya gan mu sai da ya rasa layin da yake. Muka durƙusa muka gaida mahaifinsa.

"Allah gafarta Malam, ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi. Samari, kun sha hanya. Ku ne mutanen Kanon da yake ta labari? Malam Ƙarami, a kawo musu ruwa."

Malam Ƙarami! Mai kemis ya dube ni, na dubi ƙasa, don na san in muka haɗa ido sai mun ji kunya a gaban manya. Wannan fa shi ne mutumin da ya taɓa yin fushi da mu mako guda saboda kura ta cinye masa jaki a wasa.

Aka kawo tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa, da fura da nonon da aka tatso a rugar bayan gari. Mun ci har mun daina magana. Da mutane suka watse, tsohon kuma aka kai shi ciki, mai kemis ya zaro 'yar jakar 'ya'yan lido ya zazzage su a kan tabarma. Kafin su gama gangarawa Maharbi ya cire hularsa ya kife a kansu, ya waiga ƙofa.

"Ku rufa mini asiri, sai mun je gona. Nan in wani ya leƙo caca zai ce, kuma ba ni za a zaga ba, Baba za a zaga."

Da dariya ya faɗa, mu ma muka yi dariya. A hanyar gona na gaya masa maganar aiki, da albashin, da cewa wata ya kusa ƙarewa. Ya saurara har na gama, ya tsinki kan ciyawa yana taunawa, ya ce mu yi wasan tukuna.

A ƙarƙashin wata ɗorawa muka shimfiɗa taswira, muka danne kusurwoyinta da duwatsu. An tara masara tsibi-tsibi a bayanmu, daji na can gaba ya yi shuɗi-shuɗi. Na daɗe ina shirya wannan zama. Na ce musu jirgin ruwa ya iso, a hayin kogi akwai babban birni mai fitilu, kuma birnin na neman maharbi da zai tsare masa ƙofa, da gida da albashi. Malamin lissafi ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce wannan birni ai har ƙamshin tawadar shagonmu yake yi. Na yi kamar ban ji ba.

Maharbi ya tashi mutuminsa daga barci, ya sa shi ya yi miƙa, ya wanke fuska. Sai ya tambaye ni wa ke tuƙa jirgin. Ban shirya wannan ba, na ce wani tsoho ne kawai. Ya ce tsohon yana da mataimaki? Na ce babu. Sai ya ce maharbi ya kwance bakansa ya miƙa wa mutumin mai kemis, ya karɓi gora daga hannun tsohon, daga yau shi ne mai fito a wannan mashigi.

Na tura masa 'ya'yan lido. "Sai ka jefa."

"In jefa me, mutumina? Kai ka kafa dokar. Ana jefawa ne in akwai shakka."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na tayar da hadari a kogin, na cika shi da kada, na ce jirgin ma yana yoyo. Ya ce to wannan kam akwai shakka, ya ɗauka ya girgiza ya jefa, suka ba shi. Ya tsallakar da abokan tafiyarsa ɗaya bayan ɗaya, yana kwaikwayon waƙar masu fito da muryarsa mara daɗi, har ni da nake fushi sai da na murmusa. Da ya sauke su a hayi ya ce maharbi ya ɗaga musu hannu, ya juya jirgi ya koma. Iska ta ɗaga gefen taswirar, mai kemis ya sa gwiwarsa mai ciwo ya danne. Mun fi shekara uku muna wannan wasa, ban taɓa jin daɗin zama kamar na ranar ba, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin nasa ba.

Washegari da safe muka shiga sallama da tsohon. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Na san abin da yaron nan ya baro a can, ba ni na ce ya zauna ba. Allah ya yi muku albarka da kuka tako da ƙafarku."

Aka haɗa mu da masara rabin buhu da kwalbar zuma. Maharbi ya raka mu har bakin kwalta, ya tambaye ni ko na gyara kuskuren nan da ke sa shirin taswira ya dasa rijiya a tsakiyar kogi. Na ce ban gyara ba. Ya ce in bar shi haka, shi yana son sa.

Dawowa ba ta da labari sosai. Dajin na ratsa shi ido biyu amma ban ga komai ba, a Kwanar Dangora ma ban iya cin komai ba sai rake. Mun shigo Kano ana kiran la'asar. Kafin in je gida na biya shago na gaya wa maigida ya kira ɗan ƙanwarsa.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Duk damina ina ganin alheri nake wa abokina da na ajiye masa wuri na hana kowa taɓawa, ashe shi ya daɗe da tashi yana aikinsa, ni ne nake zaune a bakin kogi. Ga mai tambaya daga ƙasar waje, maharbi bai mutu ba, na gyara shafinsa, ka duba. Layi ɗaya ne kacal na sauya, inda sana'arsa take na goge maharbi na sa mai fito, amma na zauna ina kallonsa ban aika ba har tarho ya katse, sai da na sake bugawa.