Ranar da Kawu Ya Ƙi Ɗage Igiya

Kawuna mai faci ne. Rumfarsa tana bakin titi daf da hawa gada: kwano biyu a sama, injin iska mai tari kamar tsohon mashayin taba, bahon ruwa baƙi ƙirin da yake tsoma taya ya nemo inda ta huje, da benci guda wanda ba ya son kowa ya zauna a kai. Aikinsa ba shi da makusa. Bakinsa ne matsalar.

Ƙanin mahaifiyata ne, kuma ita ma ba ta kai masa ziyara sai ta shirya. Ya taɓa aiki a wani gareji, aka sallame shi don ya gaya wa mai garejin cewa ko keken yara bai iya kwancewa ba. Ya yi kwandasta, fasinjoji suka haɗa baki suka sauka a tsakiyar hanya. Faci ne kaɗai ya karɓe shi, domin wanda tayarsa ta sace ba shi da zaɓi. Ko kakansa kake zagi zai tsaya ka gama.

Amma faci na neman abinci ne kawai. Ran Kawu yana ƙarƙashin gada.

A can akwai wani ginshiƙin tsohuwar gada da ya faɗi cikin kogi. Ruwa yana zuwa ya buge shi, ya juya, ya haƙa gurbi mai zurfi a bayansa. Gefen gurbin akwai faffaɗan siminti daidai zaman mutum ɗaya da bokitinsa. Nan ne wurin Kawu. Kullum da safe, kafin ya buɗe rumfa, zai sauka da dusar da ya kwaɓa, ya dunƙula ta, ya jefa cikin gurbin. Da yamma ya rufe rumfa ya dawo da gorarsa ta fatsa. Shekara da shekaru yana haka, har kifin wurin suka san lokacin karin kumallonsu fiye da 'ya'yansa. Matarsa takan ce kajinta suna tsaye suna kallo dusa ke wuce su ta tafi kogi.

Da can masu fatsa a wurin ba su da yawa. Da aka gyara titi aka yi matakalar sauka, sai gari ya ɓalle. Marasa aiki, masu aikin da suka gaji da shi, waɗanda matansu suka kora daga gida, kowa ya samo gora da ƙugiya ya zo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa. Ni ma ina cikinsu duk ranar da zaman gida ya ishe ni. Ban taɓa samun rangwame ba. Ranar farko da na matso kusa da simintinsa ya ce, "A gida kake ɗan yayata. A nan kai mai cin wuri ne kamar kowa. Ja baya."

Babu wanda ya naɗa Kawu shugaba, shi ya naɗa kansa. Ba a jefa igiya ta haye ta wani. Ba a shiga ruwa a saman mutum a dama masa laka. Ba a leƙa bokitin wani, ba a tambayarsa me ya sa a ƙugiya. Wanda ke ciyar da gurbi shi ke kama kifinsa. Babbar dokar kuwa ita ce: idan babban kifi ya kama wa mutum yana gudu da shi, sai a ce "a ɗage," kowa ya janye igiyarsa daga ruwa har a fito da shi. Wanda ya ƙi, ya bar wannan gaɓar ke nan.

Ba da wasa yake ba. Akwai wani tela, sa'an Kawu, da suka daɗe suna fatsa tare ba tare da sun taɓa son juna ba. Ƙanin telan nan ya taɓa shagala da waya aka ce a ɗage bai ji ba, igiyarsa ta sarƙe ta wani, kifi ya tsinke. Kawu ya fizge gorar yaron ya cilla ta har kan titi. Tela ya roƙa, ya ce kuskure ne, yaro ne. Kawu ya ce kifin da ya tafi bai tambayi shekarunsa ba. Yaron bai sake saukowa ba. Tela ya haɗiye, amma duk wanda ya kalli idonsa ya san bai narke ba.

Gaskiya dai dokokin suna aiki. Ana kama kifi, ba a cika faɗa ba, sai wanda Kawu ya tayar da kansa. Kowa na bin su, kowa na jiran ranar da mai su zai zame.

Sai ga Mai Aski.

Shagonsa yana layi na gaba da namu, mai madubi har ƙasa. Ya zo kan babur, waya a aljihun gaba tana kiɗa, riƙe da sandar fatsa ta kanti mai abin naɗe igiya, irin wadda ke jifa kamar an harba. Bai je kusa da simintin Kawu ba. Can sama ya tsaya, nesa, inda babu mai cewa ya ci wurin wani. Ya wurga ƙugiyarsa tsakiyar kogi, ya saki igiya, ruwa ya ɗauko ta a hankali ya kawo ta ya ajiye cikin gurbin Kawu kamar an aiko shi.

"Kai, mai kiɗa," in ji Kawu. "Ƙugiyarka tana cikin gurbina."

"Baba, ni can na jefa. Ruwa ne ya kai ta. Ka yi wa ruwa magana."

"Ka san wa ke zuba dusa a nan?"

"Allah ya saka masa. Kifin sun yi ƙiba kuwa."

"Wa ya haife ka?"

"Wani tsoho ne mai faɗa kamar kai. Shi ya sa ba na jin tsoro."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Abin da ya fi ƙona wa Kawu rai shi ne babu dokar da mutumin ya taka a fili. Bai haye igiya ba, bai dama laka ba, bai zauna a simintin ba. Lokacin da Kawu ya kafa dokokinsa, gora ce a hannun kowa, kuma gora ba ta kai nan.

Daga ranar aka shiga yaƙi. Mai Aski ya jefa, Kawu ya jefa dutse cikin gurbin, ya kori kifin da shi kansa yake jira. Kawu ya yi zagi, Mai Aski ya ƙara ƙarar waya. Wata rana ya ce, "Baba, ka biyo shago in rage maka gashin kunne, wataƙila shi ya sa kake magana da ƙarfi." Kawu ya ce ya gwammace ya yi aski da fasasshiyar kwalba. A gida ya daina cin abinci sosai. Matarsa ta ce ko a barci gardama yake yi.

Ba karfasar da Mai Aski ke ɗauka ce ta dame shi ba. Akwai wata tarwaɗa a gurbin, tsohuwa, wadda Kawu ya taɓa ganin bayanta, ta kuma taɓa miƙar masa da ƙugiya ta tafi. Ita yake kiwo, ita yake jira. Ya kuma san idan wani ya fito da ita, ya ɗauki hoto da waya ya watsa, gobe ko wurin ajiye ƙafa ba zai samu a simintinsa ba.

Ranar da abin ya faru gaɓar ta cika maƙil, rana ta yi sanyi. Sandar Mai Aski ta lanƙwashe har kanta ya kusa taɓa ruwa, abin naɗewar ya kama kuka. Ya kashe waya da hannu ɗaya. Muryarsa ta canza, babu sauran tsiya a cikinta.

"A ɗage. Don Allah a ɗage."

Gora ta dinga tashi ɗaya bayan ɗaya. Har waɗanda ba sa gaisawa da shi suka janye. Kifin ya yi tsakiya, ya dawo, ya juyo da baya sama, muka ga faɗinsa. Tarwaɗar nan ce. Wani ya yi salati. Sai kifin ya nufi gindin ginshiƙi, inda igiya ɗaya ta rage a ruwa.

Kawu yana zaune, hannu bisa gwiwa.

"Mai faci," in ji Tela, "an ce a ɗage."

Kawu bai juyo ba. Ya ɗaga ƙafa ya taka gindin gorarsa, don kada ma wani ya ɗage masa.

"Baba, don girman Allah," in ji Mai Aski. "In na fito da ita mu raba."

"Ka raba min abina?"

Kifin ya bi ta ƙarƙashin igiyar Kawu, ya zagaya, igiyoyin biyu suka harɗe suka goga jikin siminti. Aka ji tas. Sandar Mai Aski ta miƙe, shi kuma ya zauna daɓas cikin laka.

Na ɗauka duka za a yi. Mai Aski ya taso yana huci, mutum biyu suka riƙe shi. Amma Tela ne ya tako a hankali, yana kakkaɓe hannu, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir.

"To, mai faci. Ka ji an ce a ɗage ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

"Waya kake dannawa?"

"Kifina ne. Dusata ce a cikinsa. Wannan ɓarawo ne, kowa ya gani."

"Ba mu tambaye ka na wane ne ba. Kai ka koya mana ba a tambaya. Kifi na gudu, a ɗage, a yi shari'a daga baya. Ko akwai wata dokar ta tsofaffi da ba ka karanta mana ba?"

Kawu ya dubi mutane. Duk wanda ya duba akwai zagin da ya taɓa sha a bakinsa. Ya zo kaina.

"Kai, ba za ka yi magana ba? Ba ka ga yadda yake shigo min ba?"

Na ce, "Kawu, sai mun je gida."

Tela ya miƙa hannu zai ɗauki gorar. Kawu ya ce duk wanda ya taɓa ta sai ya koyi ɗinki da hannun hagu. Ya naɗe guntun igiyarsa da kansa, ya juye ruwan bokitinsa da 'yan kifin da ke ciki cikin kogi don kada kowa ya amfana, ya hau matakala. Bai yi sauri ba. A kowane taki sai ya tsaya ya zaɓi mutum ɗaya ya gaya masa abin da yake tunani game da shi da danginsa.

Washegari Mai Aski ya hau simintin. An yi kwanaki ana kwasar kifi a gurbin, kowa na jefawa ta kan kowa. Dusa kuwa babu mai kawowa, kowa na jiran wani ya ciyar shi ya kama. Wani ya zuba ragowar burodi, wani ya zuba abin da ban san sunansa ba. Kifin suka watse. Aka koma sarƙe igiya da cacar baki, har wani ya fasa wa wani baki a kan tana.

Tela ya je rumfa. Ya ce mutane sun yarda Kawu ya dawo, sharaɗi ɗaya: ya ba Mai Aski haƙuri a gaban jama'a. Kawu ya tada injin iska ya bar shi yana ruri har Tela ya gaji ya tafi.

Bayan nan Mai Aski da kansa ya turo babur, tayar baya a kwance. Babu wani mai faci kusa. Kawu ya kwance tayar, ya tsoma a baho, ya nemo hujin, ya goge, ya manna. Aiki mai kyau, kamar na kowa.

"Baba," in ji Mai Aski, "wurin nan ba ya yi min. Na bar maka. Ba sai ka ba ni haƙuri ba, ka dawo kawai."

Kawu ya ɗago.

"Ka bar min?"

"Eh."

"Wato naka ne, ka ba ni. In zauna a simintina da izinin mai aske kan yara." Ya buga tayar da tafin hannu. "Hau ka tafi. Ka riƙe shi, ka ci, ka ƙoshi."

Har yau bai sake taka gaɓar ba, bai kuma sake jefa igiya a ko'ina ba. Gorar tana soke a rufin rumfa. Amma da yamma yakan rufe, ya hau gada, ya jingina da ƙarfen gefe daidai saman gurbin, inuwarsa ta faɗa kan ruwa. Daga nan yake kallon kowane jifa yana ba shi maki.

"Wannan jifa ne ko shanya? Kai mai jar hula, ka haye igiyar mutum, makaho ne kai?"

Jiya Tela ya ɗaga kai ya ce, "Mai faci, an kore ka fa."

"Daga ƙasa aka kore ni," in ji Kawu. "Gada ta gwamnati ce. Ja igiyarka, ka kama ciyawa."