Matar da ta mayar da kwanon maƙwabta

Duk wanda ya zauna a benenmu na Taman Melati, nan ƙasar Malayawa, ya san ƙamshin daddawar da ke tasowa daga hawa na huɗu da hantsi. Anti Sharifa ce, Maman Mus'ab, ta ɗora tukunya. Ungozoma ce a asibitin gwamnati can gida kafin ta biyo mijinta karatu, amma nan ba ta da izinin aikin asibiti, sai ta kama tuƙa wa ɗalibai tuwo. Yanzu da karatun maigidan ya ƙare suna ɗaure kaya, ya zama dole a faɗi abin da ta yi, don yaran yanzu akwai saurin mantuwa.

Shekarar da korona ta kulle gari, ba masallaci, ba kasuwar Masjid India, zumuncinmu ya koma jikin ƙofa. Ka dafa, ka rataye wa maƙwabci, ka ƙwanƙwasa, ka ja da baya. Allah ya sani, ban taɓa ganin Hausawa sun riƙe juna kamar lokacin ba. Ƙofar da ta fi kowace shan kaya ita ce ta Kausar, matar Zahraddeen, yarinya mai cikin fari wadda uwarta ta shirya zuwa aka rufe filin jirgi. Kunun gyaɗa, fanke, shinkafa, dabino, zuma, har shayi mai madara samari ke yi mata tapau, wato su ƙunso mata, daga shagon mamak, masu shayin garin. Mu a wurinmu ba a hana mai ciki abin da ranta ke so, kuma ba a mayar da kwanon maƙwabci da abinci a ciki.

Ashe a wajen awo likita ta gaya mata cikin ya zo da ciwon suga. In bai sauka ba ɗan zai yi girman da haihuwa za ta gagara, ko ma a rasa shi, ga asibiti cike da masu korona, miji ba ya shiga. Kausar ta haɗiye maganar. Kunyar cikin fari ta hana ta faɗa wa kowa, kunyar maƙwabta ta hana ta ƙin ci.

Sharifa ce ta lura da yawan ƙishirwarta, ta tsaya bakin ƙofa da takunkuminta tana tambaya har yarinyar ta fashe da kuka.

"Anti, in na mayar wa Hajiya Bintu kununta, da wane ido zan kalle ta?"

"Ba ke za ki kalle ta ba, ni zan kalla. Miƙo min fulas ɗin."

Haka ta bi ƙofa-ƙofa tana mayar wa mutane abincinsu da zafinsa. Ba ta tona asirin yarinyar ba sai da ta ba ta izini, don haka a farko baƙin jini kawai ta kwasa. Hajiya Bintu, wadda ta girme mu zama a unguwar, ta leƙo ta ce ita ta haifi bakwai da kunun nan, ba wanda ya fito da ƙaho. Wasu suka ce so take ta mallake yarinyar. Wasu suka daina sayen tuwonta. Ko gezau.

Ke ce, Sharifa, kika koma dafa mata tuwon alkama ɗan madaidaici da miyar kuɓewa, da wake, da kifi, da zogalen da wata tsohuwar Bamalayiya ke tsinko miki a bayan gidanta. Ke ce kike sa ta zagaya baranda bayan cin abinci tana ƙunƙuni. Da ta tsorata da awo saboda cuta, ke kika ce ko da jan ƙafa sai ta je. Da azumi ya zo ta nace sai ta ɗauka, kika haɗa ta da likitarta da malami a waya, suka ce ta ajiye. Ba ki taɓa mai da kanki likita ba, abin da asibiti suka ce shi kike tsarewa. Uwar marasa uwa a ƙasar mutane.

Kausar ta shiga ɗakin haihuwa ita kaɗai, ta fito da Ruƙayya lafiya lau. A waya muka yi suna, kowa a falonsa yana amin. Wata biyu bayan haka aka sake gwada ta, sugan ya tafi. Yau Ruƙayya ce ke tsere a barandar nan, in ka aike ta ta ce maka "boleh", wato "to" da yaren 'yan gari.

Ranar Juma'ar da ta wuce mata suka taru yi wa Sharifa sallama. Sai ga Hajiya Bintu da fulas ɗin nan dai, ta dire shi a gabanta.

"Maman Mus'ab, wannan ma mayar min za ki yi?"

Sharifa ta buɗe, ta shanye kofi guda, ta ce suga ya yi kaɗan.

Mun gode, Sharifa. Allah ya kai ku gida lafiya, ya ba 'ya'yanki mai tsaya musu yadda kika tsaya wa 'yar wani. Ku kuma da kuka rage a benen, ku ci gaba da rataye wa juna abinci, kada ku bari zumuncin ya mutu. Amma in ƙofar mai ciki ce, ku fara tambayar me likita ta ce. In kuma gaskiya ta kama a ɓata wa maƙwabci rai don a tsira da jariri, a samu wadda za ta ce a miƙo mata fulas ɗin.