Ƙafar Dama

A gidanmu na Dewule ba a kunna wutar ɗumi sai an gama kai hatsi rumbu. Daga nan, kullum bayan Magariba, kakata Hassu za ta tara kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya miƙa tafin hannu. Mace ce mai zargi. Ko goro aka ba ta sai ta fasa ta duba tsutsa kafin ta yi godiya. Ni ta fi tsokana, tana ce mini maigida, tana cewa ba ta taɓa ganin miji mai majina irina ba.

Tatsuniya gatana muke ce mata, kuma ta iya su da yawa. Amma akwai labari ɗaya da in za ta fara sai ta ce, "Wanga ba gatana ta ba. Ku buɗe kunne." Labarin moton kakanmu ne, wanda ya rasu ban yi wayo ba.

Moton, wato babur, ɗan Ingila ne, baƙi, mai nauyin tsiya. Daga cin rani a Najeriya kakanmu ya dawo da shi. Ta ce bugu ɗaya yake tashi, ko da sanyi ko da damina, kuma duwatsun Adar da ke sa jaki tsayawa ya yi tunani, shi hawa yake yi yana gurnani. Aibinsa ɗaya, duk inda ya kwana sai ya ɗiga mai. A duk garin shi kaɗai ne abin hawa mai inji, shi ke kai mai naƙuda da wanda maciji ya sara asibiti.

Wata rana kakanmu ya bi babbar mota da buhunan wake zuwa kasuwar Madawa, ya bar moton a ɗaki, ya ce kada ta ba kowa. Washegari da hantsi sai ga baƙo, fes da shi, da hular kakanmu a hannu. Ya ce Malam, wato kakanmu, ya faɗo daga kan kaya, ƙafa ta karye, yana kwance a gidan wani ɗan kasuwa, kuma babu motar da za ta tashi sai kasuwa ta zagayo. A ba shi moton ya kai shi asibitin mishan.

"Nac ce cikin raina," in ji ta. "In gaskiya na, mutum na can kwance. In ƙarya ta, moto ya tahi kenan. Hula kau, ai ko ɓera na iya ɗauko hula."

Sai ta tambaye shi ko ya iya tuƙa irin wannan. Ya yi dariya, ya ce shi da Malam sun sha musaya, ya hau moton nan ya fi a ƙirga. Ta ce to, ya fito da shi ya zagaya bishiyar ƙofar gida ta gani.

Kakata ba ta taɓa riƙe kan moto ba, amma ita ke goge takalman mijinta. Ta san na dama ne ke baƙi daga sama, domin a moton Ingila da ƙafar dama ake sa giya, birki kuwa yana hagu. Motocin Japan da suka fara shigowa Madawa akasin haka suke. Baƙo ya tayar, ya zagayo, da ya zo tsayawa sai ya danna ƙafar dama da ƙarfi. Moto ya yi wata ƙara, ya zabura, ya kai shi cikin darni.

A nan muke fashewa da dariya. Ita kuwa sai ta ce, "Nac ce mishi, bawan Allah, aje hula ka kama hanya." Maƙwabta suka taru, mutumin ya yi rantsuwa har ya gaji, aka raka shi bayan gari. A nan labarin ke ƙarewa kullum, sai ta kore mu mu je alwala.

Na girma ina alfahari da wayon nan. Na gaji halin ma, don har yau in bakanike ya ce mini ya canza abu, sai ya nuna mini tsohon da ya cire.

Bayan rasuwarta, muna zaune da Baba Sani, yayan mahaifina, na ɗauko labarin ina dariya. Bai yi dariya ba.

"Kai, mutumen nan gaskiya yah hwaɗi," ya ce. "Baba na yat turo shi. Ƙarya guda yay yi, bai taɓa hawan moton ba, kumya ta hana shi cewa bai iya ba gaban mace. Baba ya yi kwana huɗu kwance kahin a samu mota. Ƙahwar ta ɗoru karkace. Bai sake buga moto ba har yab bar duniya."

Na ji haushinta, na ji tausayinta, kuma har yanzu ban raba su ba. Idonta bai yi kuskure ba, mutumin ya yi ƙarya kuma ta kama shi. Abin da ƙafar dama ba ta gaya mata ba shi ne wace magana ce ƙaryar, wace ce gaskiya.

Na sha tambayar kaina me ya sa take maimaita labarin shekara da shekaru, alhali ta san ƙarshensa. Na bi shi kalma kalma yadda take faɗa, sai na tarar ko sau ɗaya ba ta ce mutumin ɓarawo ne ba. Mu ne muke ihu muna faɗa, ita kuma tana saurare. Ina jin abin da take zuwa ji kenan.