Na'urar Tagriss da ta amsa daga cikin kwali

Wallahi wannan abin a kaina ya faru, ba labarin bakin kasuwa ba ne. Shekarun baya ina gadin biro, wato ofishin wani proje na rijiyoyin makiyaya a nan Dakoro, kuma ni ke riƙe da makullin magaza, ɗakin ajiyar kaya, don ni ba mai yawo ba ne, daga gida sai biro, ko Korahane da ke nan kusa sai da dalili.

Wata ranar Talata da hantsi aka turo mana wani ma'aikacin rezo, wato mai haɗa layin sadarwar kwamfutoci, daga Maradi, Mushe Isufu, kamar ka ce Malam Isufu da Faransanci, siriri, ba ya dariya. Ina zuba mishi shayi ina tambaya, ni dai da surutu, har ya gaya mini aikin. Wai kowane biro yankinshi daban, kuma doka ce kowane yanki ya taɓa uwar rezo da ke Maradi. Namu ya taɓa, na Tagriss kuwa ya yi nisa, shi ne zai shimfiɗa mishi hanyar da ba a gani ta ratsa ta cikin namu. Ya ce sai an rubuta a na'urar bironmu, an rubuta a ta can, da kalmar sirri guda, kafin su gaisa su yarda da juna. Ta can ɗin kuwa tana magazata cikin kwali, sai jibi za a kai ta.

Yana gama rubuta ɓangarenmu sai na ga ya aje kofi. Wai Tagriss ta amsa, da lambarta, da kalmar sirrin daidai.

Ya dube ni irin duban da ake wa ɓarawon akuya. Ya ce, "Baba, wa ka ba na'urar Tagriss ɗin?"

Na ce, "Ɗana, da gemun nan nawa?"

Bai saurare ni ba, ya kirawo darektan bironmu, suka koma Faransanci, ni ban yi lakwal ba, boko ke nan, amma na san kalmar jandarma in na ji ta, sau biyu ta fito. Shekara tara ina wurin ko allura ba ta ɓata ba, ga sunana zai lalace kafin azahar.

Na buɗe magaza gabansu. Kwali na nan, liƙinshi bai motsa ba. Darekta ya ce ai ana iya sa bulo a sake liƙewa. Ni kuwa na ce su yi shiru, don kunnena na jin wani abu, siririn gurnani kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Isufu ya yanka kwalin. Na'ura na kwance cikin ledarta, ba waya, ba kuran, wato ba wutar lantarki, amma da na ɗora hannu, subhanallahi, ɗumi kamar cikin ɗan akuya.

Isufu ya koma da gudu ya goge abin da ya rubuta, ni ina tsaye a magaza, kuma a daidai lokacin gurnanin ya ɗauke.

Darekta ya ba ni haƙuri yana kallon ƙasa. Isufu ya sa kwalin bayan mota, can nesa da kujerarshi, kuma har na bar aikin ba a sake maganar Tagriss ba. Na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce in yi sadaka, ɗaya ya ce zafin rana ne. Magazar nan kuwa ta fi ko'ina sanyi.

Ku dai in an ba ku ajiyar abin da ba ku san cikinshi ba, a buɗe gaban shaidu, kuma kada ku yi sallah kusa da shi. Ni wata guda na yi ina shimfiɗa tabarmar sallata jikin kwalin nan.