Ɗigon Ruwan Azurfa

A ɗakin gwaji na makarantarmu ta Gusau, malamin kimiyya ya ba mu wani ruwa garau, ya ce mu gano sinadarin da ke ɓoye ciki. Na ɗiga ruwan azurfa. Nan take wani farin gajimare ya taso a kwalbar, yana sauka a hankali kamar madarar da ta tsinke.

"Kuloraid ke nan, gishiri," in ji Malam.

Ni kuwa na shagala, ina ganin mayafin amarya yana lilo a cikin ruwa, har ɗigo biyu suka zubo mini a yatsu. Kafin in isa gida Bungudu, rana ta mayar da wurin baƙi ƙirin. Baba ya sha faɗa cewa ranar da sinadari ya taɓa ni, na bar ajin kimiyya.

Inna ta goga lemun tsami, tabon bai motsa ba.

"Ɗiyata, kina son karatun nan?"

Na ɗaga kai.

Ta kwaɓa lalle, ta ƙunsa mini hannu biyu. Da Baba ya tambayi bikin wa ake yi, ta ce, "Malam, budurwa sai da biki take ado?"