Ƙugiyar da Ta Saki Kura

A ofishin ilimi ba mai tuna sunanta na yanka. Ƙugiya ake ce mata, har mijinta. Shekara talatin da huɗu tana bugun tafireta a lungun da ke tsakanin kabad ɗin fayil da ƙofar banɗaki, a kan kujerar da aka ɗaure wa ƙafa da waya. Tafiretar ta girmi rabin ma'aikatan, kuma ba ta san ƙ ba, ba ta san ɗ ba, balle ɓ. Don haka duk takardar da ta buga sai ta zare, ta ɗauki biro, ta bi haruffan tana maƙala musu ƙugiya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

"A hannuna baƙi ba sa zama baki," in ji ta.

Saura kwana arba'in ta yi ritaya aka fara gyaran titin da ke bayan firamare. Shugaban ofis ya ce a sanar da iyaye. Tana tsakiyar sa ƙugiya aka bugo waya cewa mijinta, tsohon direban da ɓarin jikinsa ya shanye, ya faɗo daga gado. Ta miƙa takardar ta fita da takalmi a hannu. Layi ɗaya ne biro bai taɓa ba: "Yara su zauna a aji saboda kura da ke shigowa ta kan katanga." Shugaba ya sa hannu yadda ya saba, idonsa na kan waya.

To, akwai wata jarida da ake sayarwa a bakin tasha, irin wadda in akuya ta yi atishawa sai ta ce annoba ta shigo. Ran Talata ta fito da jan rubutu: KURA A MAKARANTA, HUKUMA TA YI SHIRU. Har da hoton kura tana dariya, Allah kaɗai ya san a dajin wa. Ran Laraba an samu mai gadin da ya ga idonta. Ran Alhamis kurar ta haihu, sun zama uku. Iyaye suka kwashe yara. Da gaskiya ta fito, jaridar ba ta ji kunya ba, sai ta sake riga: TSOHUWAR DA TA SAKI KURA, da hoton Ƙugiya tana saye a kantin magani, baki buɗe.

Daga sama aka ce a kori wani. Kuma kowa ya sani, wanda aka kora ba shi da fansho, maganin direba kuwa ba da addu'a ake saye ba.

Ta hau bene uku zuwa wurin editan jaridar, tana hutawa a kowane hawa. Bai kai ɗanta na fari ba.

"Ɗan nan, ƙura ce. Ƙurar titi. Layi ɗaya nake roƙo, ka ce kuskuren biro ne."

"Mama, wa zai ba da kuɗinsa ya karanta ƙura? Kyauta yake shaƙarta."

"Ka tausaya, ina da mara lafiya a gida."

Ya gyara zama, ya jawo takarda. "Wace irin cuta ce? Za a iya ɗaukar hotonsa?"

Ta sauko ba ta huta ko sau ɗaya ba.

A ofis ta durƙusa gaban shugaba, gwiwoyinta na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"Ranka ya daɗe, kai ma fa ka sa hannu."

"Sa hannu na yi, Baba, ba bugawa ba." Ya kau da kai. "An ce takardar korarki ta fita yau. Kuma kin san ba mu da wani mai bugu."

Haka ta zauna a kujerar nan mai waya ta buga takardar korar kanta. Da ta gama ta bi ta da biro, "ɓata sunan hukuma" ma ta sa masa ƙugiyarsa tsaf. Ta leƙa ko wani zai ce ta dakata. Kowa ya sami fayil ɗin da zai sa kansa a ciki.

Da ta isa gida direba na jingine da filo, jaridar maƙwabci a cinyarsa. Da rabin bakin da ya rage masa ya ce, "Ke Ƙugiya, zo ki ga. Kurarki ta kwanta."

Ta karɓa. Babban rubutu, gefe zuwa gefe: KURA TA LAFA, AN KORI TSOHUWA.

Ta daɗe tana kallon k ɗin nan tsirara, wanda ba za a kori kowa a kansa ba. Ta dubi kwalbar maganin da ke kan taga, saura na kwana shida. Sannan ta laluba jaka, ta ciro biro, ta sa masa ƙugiya.